Zamzam a Kunun Suna

Zuwa ga Yaya Hansatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Mu nan Jidda lafiya lau, sai zafi.

Tsiron dawar da kika ba alhazai ya iso, Allah ya saka. Amma ji abin da aka yi mini. Ranar sunan jikata na dama kunun zaƙi babbar tukunya, na sa tsiron, ya yi daidai yadda Inna take yi. Ina juya baya sai maƙwabciyata Hajiya Sa'adiyya, haifaffiyar unguwar Sharafiyya ta nan Jidda da ba ta taɓa dama kunu ba, ta juye masa rabin garwar zamzam, wai don albarka! Kunu ya tsinke tsululu. Ga baƙi suna sallama, ga ba damar zubarwa tunda zamzam ne. Na yi magana, ta ce, "Halas, shi ke nan, ya Hajiya, ai alheri na yi miki."

Cikin haushi na sake hura wuta, na tafasa ruwan sauran tsiron har ya yi danƙo kamar maɗi, na dama sabuwar gasara mai kauri na haɗa. Da ƙyar ya dawo.

Mata suna santi, ita kuwa tana bin su tana cewa aikin zamzam ɗinta ne. Wa ya isa ya musa?

Ki gaida mutan gida duka. Ki roƙa mini haƙuri wurin Allah, don Hajiya Sa'adiyya ta ce da azumi ma za ta zo taya ni.

Ƙanwarki,
Zulai