Haƙora Huɗu na Rékia

Talata, 12 ga Nuwamba, Bobigny

Rékia ta kira daga Lyon, muryarta a dusashe. Ina tsakiyar suya, ban ji duka ba, sai dai "Mama, ranar Asabar zan cire haƙora huɗu." Huɗu! Autata, da ko ruwan sanyi ba ya damun bakinta. Na san keken nan ne ya kayar da ita. Tun da ta fara tseren keke cikin caɓi nake cewa ɗiya mace da digiri ba ta da abin nema cikin laka, amma wa zai ji ni?

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na niƙa gero, na jiƙa tsamiya. Wanda aka cire wa haƙori ai sai kunu. Ban gaya mata ina zuwa ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba, Lyon

Kunya kamar in nutse. Ta buɗe ƙofa tana tauna tuffa, haƙoranta reras. Ashe na keke ne. Wani farantin ƙarfe da kaca ke hawa a wajen feda, shi ke da haƙora: nata arba'in da biyu, za ta sa mai talatin da takwas. Ta yi dariya har ta zauna ƙasa, ni kuwa ga ni tsaye da bokitin gasara.

Ta zaunar da ni ta yi mini karatu. Babban faranti gudu gare shi a shimfiɗaɗɗen wuri, amma a laka da hawa yana cinye ƙafa. Ƙaramin yana da sauƙin takawa, sai dai a miƙaƙƙiyar hanya a bar ka a baya. Nassim, makanikin ƙungiyarsu, ya ce ta bar babban a kai, wai ƙarami na masu tsoro ne. Ita ta ce mako guda ana ruwa, kuma ƙafarta ce, ba tasa ba. Taurin kan nan nata, na san inda ta gado shi.

Sai ta daina dariya. Wai tseren zagaye-zagaye ne, kuma sau biyu wadda ke kan gaba tana kewayowa ta cim mata ta baya, in haka ta faru kuwa fitar da mutum ake yi. "In aka sake fitar da ni gobe, na bar keke, Mama. Kin huta."

Abin da nake roƙo ke nan tun bara. To me ya sa kunun ya ƙi wuce mini?

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Sanyi, ruwa, caɓi har idon sawu, takalmina na biki ya tashi aiki. Na tsaya gindin wani tudu inda suke sauka su saɓa keke a kafaɗa. Rékia ba ta sauka ba, ta taka ta haye, fuska duk laka sai idanu. A miƙaƙƙen wuri kuwa mutum biyu suka wuce ta, na ce Nassim ya yi gaskiya.

Zagayen ƙarshe ta gaba ta taho kamar an koro ta, tana dab da Rékia. Wata mata na ji tana ihu da Hausa, "Taka, ɗiyata, taka!" har Turawa na waiwaye. Ba a cim mata ba. Rékia ta zo ta goma sha tara, ta rungume ni da lakarta duka, ta shanye kunun a tsaye.

Laraba, 20 ga Nuwamba, Bobigny

Murya ta ƙi dawowa, na ce wa maƙwabta mura ce.

Ni fa har yanzu ban ce na yarda da keken nan ba. Yau dai na biya kasuwa sayen albasa, na dawo da takalmin roba mai tsawo. Tseren wata mai zuwa wai fili ne busasshe, ban sani ba ko ta tuna ta mai da haƙoranta huɗu. Bari in kira ta.