Ba Wanda Ya Tambaye Mu

Port Ansel,
12 ga Mayu, 1986

Arvo nawa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da mutanen jirginku. Yaya gwiwar? Kada ka ce min ta warke, na san halinka. Shekara ashirin da shida kana tsaye kana dafa wa ma'aikatan jirgin dakon tama abinci, kana rantsuwa ba abin da ke damunka. Ka riƙa shafa man nan da na cusa maka a jaka, ba don ado na saya ba. Gida lafiya lau. Famfon da ka ce ka gyara kafin ka tafi yana nan yana ɗiga, yana gaishe ka.

Akwai maganar da ta hana ni sukuni. Ran Talata na dawo daga rabon wasiƙu, na tarar da wata mata zaune a baranda da jakar takardu a cinya. Ta ce sunanta Pruitt, lauya ce, ita ke riƙe da ɗaukaka ƙarar Royce Talbot.

Ka tuna shari'ar, shekara bakwai ke nan. Kana kan ruwa aka yi ta, ka dawo ka tambaye ni, na ce an gama, kai kuma ba ka matsa ba. Royce da ɗan kawunsa suka fasa rumfar injinan kwalekwale ran Lahadi da safe, mutane suna coci. Royce yana waje yana loda inji a mota, tsoho Elmer Novak mai rumfar ya shigo ta baya, ɗan kawun ya buga masa ƙarfe a ka, suka gudu. Sai ran Litinin aka tsinci Elmer, sanyi ya ƙarasa shi. Ɗan kawun ya amsa laifi, ya ba da shaida a kan Royce, ya yi shekara shida, an ce yanzu tayoyi yake sayarwa a Ohio. Royce kuwa, da hannunsa bai taɓa kowa ba, ɗaurin rai da rai, ba afuwa. Mu goma sha biyun da aka zaunar mu yanke hukunci, mu muka ba shi. Ni ce ta bakwai a jere.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Kafin mu keɓe, alƙali ya karanta mana doka, ya ce duk wanda ya shiga irin wannan sata har aka rasa rai, to ya yi kisa, ko bai taɓa mamacin ba. Mu huɗu abin bai kwanta mana ba. Ni na rubuta tambaya aka kai masa: in mun yarda Royce bai yi nufin a taɓa kowa ba fa? Ya kira mu, ya gyara zaman gilashinsa, ya sake karanta mana maganar nan dai, ko kalma bai ƙara ba. Ran Juma'a ce, washegari ake buɗe farautar barewa, rabin mazan ɗakin sun riga sun loda bindigoginsu a mota. Harlan Buck mai shagon ƙusa, shugabanmu, ya ce, "Verna, kin ji da kunnenki. Ko kin fi alƙali karatu ne? Ke raba takarda kika iya, ba karanta ta ba." Aka kwashe da dariya. Kafin ƙarfe huɗu mun gama.

Yanzu Pruitt ta ce alƙalin ne ya yi kuskure. Kamata ya yi ya gaya mana shiga satar kaɗai ba ta isa ba, sai mun tabbatar Royce da kansa yana da mugun nufi: ko ya so a kashe, ko ya so a ji wa mutum mummunan rauni, ko ya san rai na cikin haɗari ya yi ko oho. In kotun sama ta yarda, za a sake shari'ar daga farko. In ta ƙi, a can zai mutu. Tambayata tana nan cikin takardun kotu, ta nuna min kwafinta. Rubutuna ne, Arvo, har da inda na soke kalma na sake.

Ka san tun da aka canza min hanya, ni ke kai wasiƙa gidan Opal, uwarsa. Duk Alhamis ambulan mai jan hatimin gidan yari. In jefa a akwatin wasiƙunta na bakin hanya, in ja mota kafin labule ya motsa. Ban jin ta gane ni. Tsoro nake ji, kuma a lokaci guda wani irin daɗi nake ji, wai ashe ba ni ce na kasa fahimta ba.

Ka gaida kyaftin. Ka rage gishiri, a tukunyarsu da a taka.

Matarka,
Verna


Port Ansel,
20 ga Yuli, 1986

Tsohona,

Ina gaishe ka da kyau. Na ga takardar da ka aiko daga Duluth, na gode Allah da gwiwa ta yi sauƙi, in da gaske ne. Ka ce in kwantar da hankalina, abin da aka ce in yi na yi. Haba Arvo! Layi uku ka rubuta a kan wannan, shafi guda a kan guguwar da ta zubar maka da miya.

Na zauna na rubuta shafi huɗu na duk abin da ya faru a ɗakin nan, na aika wa Pruitt ta kai wa alƙalai. Ta dawo min da su. Ta ce doka ba ta sauraron irinmu a kan abin da ke ranmu ranar. Da zarar mun fito an rufe ƙofa, abin da aka yi a ciki ya zama na ciki. Ka ji fa. Shari'ar gaba ɗaya a kan abin da ke cikin kanmu ce, amma mu ba za a tambaye mu ba. Na bi ta shagon Harlan, ko zai ce wani abu. Ya ce, "Ihu bayan hari ke nan, Verna. Ni ko fuskarsa na manta. Ƙusa nawa za a ba ki?" Wallahi na so in watsa masa su a fuska.

Ran Laraba na ɗauki hutu na shiga mota, awa huɗu, na je kotun sama na ji da kunnena. Alƙalai uku a sama, lauya biyu a ƙasa, kowa an ba shi rabin awa. Ba a kawo Royce ba, wai ba a buƙatarsa. Lauyan gwamnati bai ma tsaya musu ba. Ya ce to, a ɗauka kuskure ne, amma bai cutar da kowa ba. Royce ya ji ƙarar faɗuwar mutum, ya ga jini a hannun rigar ɗan kawunsa, ya wuce rumfar waya uku bai kira kowa ba, alhali ya san irin sanyin da ake yi. Wai wannan ai shi ne ko oho da rai, kuma duk mutum goma sha biyu masu hankali haka za su gani, ko me aka karanta musu. Alƙalin tsakiya ya tambayi Pruitt, ta yaya za su san abin da waɗancan sha biyun suka yi tunani? Ina zaune a benci na huɗu, jakata a cinya.

Amma ba zan ɓoye maka ba, maganar lauyan gwamnati ta taɓa ni. Mun ga hotuna wancan lokacin. Elmer ya ja jiki har bakin ƙofa, takalminsa ɗaya ya cire a hanya. Mutumin da ya gyara maka injinka sau biyu ya ƙi karɓar komai sai kifi. Sau biyu a rana nake wuce rumfar tasa. An yi mata shuɗin fenti, abin sanyi ake sayarwa yanzu, amma da rana tsaka sai in ga kamar ƙofar tana motsi daga ƙasa. In na kawar da kai kuma, mil biyu gaba ga akwatin Opal. Tsakanin su biyun nan nake yini, abinci ma ba ya shiga.

Duk da haka na san abin da na sani. Da alƙali ya amsa min tambayata, da ban yarda ba, ko da Harlan zai kwana yana dariya. Ina ta addu'a su sake shari'ar, a zaunar da wasu, a gaya musu daidai.

Ka rubuto da tsawo. Allah Ya tsare min kai.

Taka,
Verna


Port Ansel,
2 ga Nuwamba, 1986

Arvo,

Ina fatan kana lafiya, kuma ruwa bai fara yi muku hauka ba. Ni jikina ƙalau. Sauran kuwa ga shi.

Hukunci ya fito, biyu da ɗaya. Dukansu sun yarda alƙalinmu ya yi kuskure. Biyu sun ce kuskuren bai canza komai ba, ko an gaya mana daidai haka za mu yanke. Pruitt ta kira ni muryarta a dishe, ta ce za ta gwada kotun da ke gaba, amma kada in sa rai. Royce yana da shekara talatin.

Kwafin hukuncin da Pruitt ta aika wa Opal a jakata ya faɗo ran Talata. Babban ambulan, ba ya shiga akwati sai an lanƙwasa. Na kashe mota na taka har ƙofa. Ta buɗe, 'yar ƙaramar tsohuwa, hannunta duk garin fulawa. Na ce, Mama Opal, ni ce Verna Maki, ina cikin mutum goma sha biyun nan. Ta ce, "Na san ki. Shekara biyu ina kallonki kina gudu kamar an biyo ki da kare."

Sai bakina ya ɓalle. Na gaya mata ni na rubuta tambayar, na gaya mata shafi huɗun da aka ƙi karɓa, na ce alƙalan nan ƙarya suka yi mana, sun yanke abin da ke zuciyata ba su san ni ba. Na ce da an tambaye ni ko sau ɗaya ne, da na ce a'a.

Ta goge hannu a jikin rigarta, ta dube ni. Ta ce, "An tambaye ki, 'yar nan."

Arvo, an tambaye ni. Bayan Harlan ya karanta hukunci, lauyan Royce ya nemi a bi mu ɗaya bayan ɗaya. Akawu ya riƙa kiran suna: wane, wannan hukuncinka ne? Opal ta ce lauyan ya raɗa musu cewa mutum ɗaya ya isa, in ɗaya ya ce a'a to babu hukunci. Ta ce, "Na bi fuskokinku, na ga idonki ja wur. Na ce wa kaina, ga ta nan, wannan ce. Na riƙe numfashi tun daga na ɗaya har na shida." Aka ce, Verna Maki, wannan hukuncinki ne? Royce ya juyo ya dube ni. Na ce na'am, nawa ne.

Ba mantawa na yi ba. Binne shi na yi, na zauna a kai shekara bakwai, har na rubuta shafi huɗu ban sa shi ba. Kuma ba dokar ce ta sa na ce na'am ba, don a raina ban yarda da ita ba ko a lokacin. Ba hoton Elmer ba ne ma, da shi ne da na sami abin riƙewa. Kunya ce. An yi min dariya a ɗaki, na ji ba zan iya tashi gaban kotu cike da mutane a sake yi min ba.

Opal ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta karɓi ambulan, ta ce Alhamis in kawo mata wasiƙarta da wuri, ta rufe ƙofa.

Wata shida ina ta haushin kowa, alƙali, Harlan, mutanen kotun sama. Yanzu maganarsu ce ke bina duk inda na yi. Sun ce ko an gaya mana gaskiya, haka za mu yanke. Sauran sha ɗayan ban sani ba. Amma matar da dariyar mai shagon ƙusa ta rufe wa baki, anya don an ƙara mata kalma biyu a takarda za ta miƙe? Ina tsoron alƙalan nan da ba su taɓa ganina ba sun san ni, Arvo.

In kun ɗaure jirgi an gama aikin bana, ka taho kai tsaye, kada ka tsaya ko'ina. Abu ɗaya nake roƙonka: in ka zo, kada ka ce min abin da aka ce in yi na yi. Ka zauna kusa da ni kawai.

Ina gaishe ka, ina kewarka ƙwarai.

Matarka,
Verna