Rariyar Alhaji Tanimu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin ruwan farko ya sauka.

Shekarar da aka yi wahalar canjin kuɗi, maƙwabcina a nan cikin Birnin Zazzau, bari in kira shi Alhaji Tanimu, ya ba ɗana aikin zana masa benen shaguna da duba ginin. Ɗana injiniya ne, ni kuwa karatun allo na yi, da ajami nake rubutuna. Da Alhaji muka tashi, akushi ɗaya muka ci. Bayan an gama gini sai ginshiƙi guda ya tsage, rufin ya lotsa. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo.

Ɗana yana da inshora irin ta masu wannan sana'a, wadda in kuskure ya auku a aikinsu kamfani ke biya. Ya ce mini, Baba bari in fara sanar da kamfanin. Na ce kamfani ne ya haife ka? A garin nan yaro ba ya ɓata wa dattijo dukiya ya aika masa lauya. Na sa shi gaba har zauren Alhaji, ya cire takalmi ya durƙusa gaban Alhaji da mai unguwarmu, ya ce laifinsa ne, a yafe masa. Alhaji ya dafa kansa, ya ce haba, ai ɗa na kowa ne, tashi Injiniya kada wandonka ya yi datti. Aka yi dariya, aka shafa fatiha. Ashe wayar Alhaji na kan tabarma tana ɗaukar murya.

Da wannan muryar ya kai ɗana kotu. Kamfanin inshora kuwa da suka ji, suka ce sun janye, wai sharaɗinsu ne kada ya amsa laifi gaban kowa sai da izininsu. Yanzu shari'a biyu yake yi, Alhaji na jansa, shi yana jan kamfanin, kuma lauyansa ya ce in aka kayar da shi, gidan da ya gina wa iyalinsa ne zai tafi. Na je na tuna wa Alhaji fatihar da muka shafa. Ko ido bai ɗaga ba, ya ce Malam, fatiha daban, siminti daban.

To ga inda nake. Ruwan saman gidan Alhaji ba shi da mafita sai ta wata rariya da ta ratsa tsakar gidana. Mahaifina ne ya ba mahaifinsa wannan hanya, da baki, don zumunci, babu shaida ko ɗaya da ya rage a raye. Katangarsa ta ƙasa ce. In na toshe rariyar, damina ɗaya ta ishe ta. Na riga na sayi buhun siminti, yana nan jingine a zaure, kullum in zan fita masallaci sai na dube shi.

Na san abin da aka ce game da haƙƙin maƙwabci, ni nake karantar da shi. Amma sahu ɗaya muke tsayawa da mutumin nan, in kafaɗarsa ta taɓa tawa sai in manta raka'a ta nawa muke.

Malamai da lauyoyin cikinku, alherin da uba ya yi da baki, dole ne ɗa ya ci gaba da shi ga wanda ya ci amana? Shi ya ce siminti daban. In kwaɓa masa nasa, mu tashi ba mai bin wani, ko in bari?