Tarinki da Nawa

Ƙanwata,

Salamu alaikum. Ya jiki, ya Inna da yara?

Na ji korona ta ɗan taɓa ki, tari kawai, amma Inna ta tare a ɗakinki tana shafa miki kai. Sannu, 'yar gata! Ni ma ta kama ni a wurin gugar da nake yi. Da mura ta fara, ciwon suga da ƙibar nan suka ƙara mata ƙarfi, har aka sa min oksijin. Da sauƙi yanzu, kada ki faɗa wa Inna. Ko ruwa ni nake ɗebo wa kaina.

Don Allah ki fitar da ita daga ɗakin nan. Ga tsufa, ga hawan jini, ita ba a tari zai tsaya ba. Ki bar min hannun nan nata mai shafa kai da rai, ban samu rabona ba tukuna.

Yayarki