Kujerun Lilo

Ƙanƙara, cikin damina

Zuwa ga Yayata Zulaihatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ruwa a Faskari? Tunda an katse layukan waya, sai ki yi haƙuri da mummunan rubutuna.

Na iso da motar sulken da kamfaninmu ya ƙera, wadda kike cewa ita ta hana ni aure. An turo ni in zauna da jami'an tsaro in ga yadda za ta kaya da hanyoyinmu. Tayoyi gare ta, ba sarƙa ba, kuma ko an harbe su ba ta tsayawa. Ƙasanta mun yi shi kamar bakin garmar shanu, don ya watsa ƙarfin nakiya dama da hagu. Kujerun kuwa a rufi muka rataye su, har da wurin ɗora ƙafa, saboda in abu ya tashi, daɓen motar ne ke dukan mutum. Na kan kujera zai tsira, na ƙasa kuwa sai Allah.

Maigidanki Gide na cikin waɗanda aka ba motar. Ya raɗa musu suna kujerun lilo, wai shekarun da na yi a jami'a lilon yara na koyo. Na ƙyale shi ne albarkacinki.

Abin da ke hana ni sukuni Baba ne. Har yanzu yana ƙauye bayan Sabuwa, ya kafe sai ya cire masararsa.

Ƙanenki,
Muttaka

Sabuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zazzaɓin 'yarki Amatullah ya sauka.

Baba ya yarda zai taso, shi da sauran dattawan garin, kuma su Gide ne za su ɗauko su. Ya kamata in yi murna, amma wallahi na kasa. Ana ta raɗe-raɗin ɓarayin daji sun fara binne nakiya a hanyar. Ƙarfen ba na shakkarsa, a gabana aka gwada shi. Mijinki nake tsoro. Kin san tunda ya aure ki bai taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da Baba ba, daga bakin zaure yake zube takalmi ya durƙusa. Na ja shi gefe na yi masa bayani har muryata ta dishe, ya yi dariya ya ce in koma in ƙara wa lilona igiya.

Gobe za su biyo ta Faskari shan mai. Don Allah ki tare shi ki faɗa masa da bakinki: kowa a kujera, ƙafa a sama, ko wa ke cikin motar. Ke yana jin maganarki, ko da yake ba zai yarda an ce haka ba.

Naki,
Muttaka

Asibiti, Ƙanƙara

Yaya,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki karanta, amma ki sani babu wanda ya rasu.

Sun taka nakiyar a hanyar dawowa. Tayar gaba ta yi sama, motar ta yi abin da muka ƙera ta don shi. Baba ko ƙwarzane bai yi ba, haka sauran dattawan. Gide ne da kansa ya ɗora su a kujeru ya ɗaure kowa. Kujera ɗaya ta rage, Yaya, babu kowa a kanta, amma tana jikin ta Baba. Sai Gide ya tsuguna a ƙasa wajen ƙafafun Baba.

Ƙafafun Gide biyu sun karye. Ta dama za ta ɗoru, ta hagu likita bai ce komai ba tukuna, kuma shirun nan nasa ya fi komai tayar mini da hankali. Haushi nake ji, na rasa na wa. Na rubuta wa kamfani a mota ta gaba a ware kujera ɗaya can baya mai kallon ƙofa, ban san yadda zan fahimtar da su dalili ba.

Baba ya ƙi barin ɗakin, ya shimfiɗa buzunsa a gindin gado. Ɗazu Gide ya farfaɗo, da ya ga kansa a sama Baba a ƙasa, sai ya fara kiciniyar saukowa da karyayyun ƙafafu. Mu biyu muka kasa danne shi. Sai Baba ya miƙe. Ya naɗe buzunsa, ya hau bakin gadon, ya zauna kafaɗarsa na gogar ta Gide, ya riƙe masa hannu. Har yanzu bai sauko ba.

Ki taho gobe da motar farko.

Ƙanenki,
Muttaka