Baffa Ya Ƙi Hawa Gora

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ƙanwarka Hajara. Ina gajiya, yaya zaman Ikko? Yaya maiɗakinka da yara? Allah ya sa kuna lafiya, amin.

Bayan haka, kogi ya cika ya kewaye mu, kowa ya gudu tudu wajen Guri, saura ni da Baffa da goyona. Samarin da za su ɗauke shi ko da ƙarfi duk an kwashe su aikin shimfiɗa layin dogo. Masunta sun zo da manyan gorunansu na haye ruwa za su ƙetare da mu, Baffa ya ƙi. Wai ruwa ya fara lasar kabarin Inna, ba zai bar ta ita kaɗai ba. Kullum yana jibga ƙasa a gefen kabarin, kogi yana kwashewa.

Na ce, "Baffa, mamaci ba ya jin sanyi, mu ne muke ji." Ya ce, "Da ni ne a kwance nan, uwarku ba za ta tafi ba." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Yaya, tawakkali ne wannan ko taurin kai? Ina salla ina jin haushinsa, ina kuma tsoron haushin. In na tafi na yar da uba, in na zauna yarona tari yake.

Kada ka aiko mini da "ki yi haƙuri", haƙurin kaɗai ne ruwa bai cinye mana ba. Ku sa mu a addu'a, a gaida Gwaggo. Masuncin da zai ƙetare da wasiƙar nan yana jira. Yau ma takarda ce za ta haye, ba mu ba.

Ƙanwarka,
Hajara