Taɓare a Ƙofar Likita

Litinin, 4 ga Maris, 1957
Mijina Anozie, likitan garinmu, ya yini yana naɗe kurkunu a tsinke daga ƙafafun mutane. Ya ci sakwara bai ɗago kai ba. A littattafan da nake saye a kasuwar Onitsha, likita furanni yake kawo wa matarsa. Nawa labarin tsutsa yake kawowa.

Alhamis, 7 ga Maris
Ƙungiyar gari, wadda shi ke shugabanta, ta sa an yi shela: an hana ɗiban ruwan rafi saboda kurkunu, sai sabuwar rijiya. Maza zalla suka yanke. Kuma a bakin dandalinsu suka haƙa ta. To ina mace za ta yi gulmar mijinta?

Asabar, 9 ga Maris
Nne Ugoye, shugabar matan gari, ta zo. "'Yata, jibi za mu zaune wa mijinki, mu kewaye gidansa da waƙar zambo har a janye shelar nan. Ki fito da taɓaryarki. In kin ƙi, ranar naƙuda littafinki ya riƙe miki baya." Ta kalli cikina. Ga shi ba ni da uwa.

Lahadi, 10 ga Maris
Na gaya wa Anozie. Ya ce, "Ba ga ni ba? Ni zan karɓi haihuwar." Wankan jegon fa? Na yi kuka a madafa.

Litinin, 11 ga Maris
Na fita da taɓaryata. Muka kewaye gidana muna dukan ƙasa da taɓare, muna waƙa: "Likita mai allura, ka taɓa ɗaukar tulu?" Ya leƙo ta taga ya gan ni. Wayyo, fuskar nan.
Sai na tuna yadda yake tace mana ruwa da ƙyalle a gida. Na shiga na zaro farin mayafin aurena daga akwati, na yaga, na ɗaure bakin tulun Nne Ugoye. Na ce, "Nne, mu koma rafinmu, amma mu riƙa tacewa. Dokarmu ce, ba tasu ba."
Ta daɗe tana kallona. "Ashe littafi bai cinye kan duka ba."

Laraba, 13 ga Maris
Ya ce na kunyata shi a gaban gari.

Juma'a, 22 ga Maris
An janye shela. Yau ya dawo daga Onitsha ya ajiye farin yadi a gabana. "Wannan zai tace?" A ƙarƙashinsa akwai sabon littafi. Na yayyanka yadin, matan ƙetaren rafi na jira. Littafin ban buɗe ba tukuna. Ba wani abu ba ne, aiki ne ya yi yawa.